Akwatin Wutar Yaya

Talata, da hantsi

Na buɗe shago. Inna ce ta ce in buɗe, wai idan muka bar shi a rufe mutane za su riƙa zagayowa ta ƙofar gida suna tambaya, ita kuma bakinta ya gaji da faɗin "har yanzu dai shiru".

Mutum biyu suka shigo. Ɗaya ya zo karɓar kwamfutarsa, ɗaya ya zo kallon fuskata.

Sana'armu ni da Yaya haɗa kwamfutocin wasa ne, manyan nan masu gilashi a gefe da fitilu a ciki. Shi ne baki, ni ne hannu. Shi ke magana da masu saye, shi ke odar kaya, shi ke karanta abin da ke jikin kwali. Ni nawa ɗaurin sukuru da jera waya. Tasa kwamfutar tana ɗakin baya, tsakanin shago da tsakar gida, a ƙasa gefen teburi. Ranar da ya fita yana tsakiyar wasa. Ya cire abin kunne ya rataya a jikin kujera ya ce, "Auta, akwatin wutar nan ya fara min ƙas-ƙas. Bari in je in karɓo sabo. Kar ka kashe min, ban ajiye inda na kai ba." Ya tada babur.

Ban kashe ba. Tana nan tana aiki.

Laraba, bayan azahar

Mai Batir, maƙwabcin shagonmu, ya leƙo ɗakin baya ya tsaya yana jin iskar da ke fita daga bayanta.

"Injiniya, wannan abin ai ya fi firjin matata cin wuta. Ita ko ruwan sanyi tana ba mu. Wannan fa?"

Na yi masa bayani. Akwatin wuta shi ne baƙin akwatin da ke can ƙasan kwamfuta. Shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane sashe daidai cikinsa. Na Yaya wat dubu da ɗari biyu ne, da shi yake cika baki, yana cewa ko dutsen guga aka jona masa ba zai yi tari ba. Ba a canja shi sai an kashe kwamfuta. In kuwa aka kashe, idan ta tashi lambar sirri za ta nema, lambar kuma tana kan Yaya.

"Matarsa fa?"

Na riga na tambayi Anti. Cewa ta yi, "Yayanka? Mutumin da ko inda yake ɓoye alawa bai taɓa gaya min ba?" Ta fara dariya, dariyar ta tsaya mata a rabi.

Mai Batir ya juya ya koma shagonsa. Da yamma sai ga shi da batir biyu a baro, ya jona wa inbatarmu, na'urar da ke riƙe mana wuta idan an ɗauke. Na buɗe baki zan yi godiya ya ce in riƙe masa sifana.

Hotuna da takardun da ke ciki na riga na kwashe su a filashi. Ba su ne abin ba.

Alhamis, da safe

Anti ta nuna min wayarta.

Yaya ne ya saka mata manhajar 'yan wasan. Idan ya toshe kunnuwansa ko rufin gida ya faɗo ba ya ji, sai ta rubuta masa "abinci ya huce" ya gani a gefen allo. A manhajar akwai sunansa, gefen sunan akwai ɗigo kore, a ƙasa an rubuta yana cikin wasa. Muddin kwamfutar tana kunne haka zai zauna.

Wayarsa ta aljihu kam tun ranar ba ta shiga.

Ta ce, "Na san ba shi ba ne, Auta. Ban haukace ba. Amma idan na farka na duba na ga koren, sai in iya komawa barci."

Na ce mata ba zai ɗauke ba.

Juma'a, da yamma

Ƙas. Sai shiru. Sai can kuma ƙas.

Asabar, da hantsi

Inna ta fara zama a ɗakin baya. Ita da ba ta taɓa shiga ba sai don faɗa: babba da kai, da gemu da mata, kana wasan yara. Yanzu kujerarta ta roba take jawowa ta zauna gefen tasa, ba ta taɓa zama a kan tasa.

A allon wani mutum ne sanye da rigar ruwa, yana tsaye a kan katakon bakin wani tafki, da fitila a hannu. Bayansa muke gani. Rana na fitowa ta faɗi a cikin wasan da sauri, kafin Inna ta gama tsinke ganye gari ya waye masa sau biyu. Idan ya daɗe ba a taɓa shi ba sai ya sauya ƙafa, ya sosa ƙeya, wani lokaci ya waiwayo.

Inna ta ce, "Wannan shi ne shi?"

"Shi ne wanda yake tafiyarwa."

Ta ƙura masa ido. "Ya fi shi tsawo. Amma tsayuwar tasa ce. Ka ga yadda ya karkata kafaɗa? Tun yana ƙarami nake dukan kafaɗar nan."

Ban taɓa lura ba sai da ta faɗa. Yanzu kuma na kasa daina gani.

Lahadi, bayan la'asar

Na gano wani abu. Idan ruwan sama ya sauko a cikin wasan, akwatin wuta yana kuka. Siririn kuka, kamar sauro a kunne. Zana ɗigon ruwan nan aiki ne babba ga katin hoto, sashen da ke fitar da hoto a allo, sai ya ja wuta da yawa, akwatin ya ji a jikinsa. Da ruwan ya tsaya sai kukan ya tsaya.

Ina shago ina haɗa wa wani tasa, ba na ganin allon, amma na san lokacin da ake ruwa a wajen mutumin nan.

Litinin, da azahar

An kira mu ofishin 'yan sanda. Ni da Kawu muka je.

Babur ne. An same shi a gefen tsohuwar gada, a tsaye a kan ƙafarsa, makulli a jiki. Ko ƙwarzane babu. A baya an ɗaure kwali da igiyar roba, ɗaurin Yaya, mai zagaye biyu da yake cusa bakin a ƙasa. Ni kaɗai na iya kwance shi a gidanmu.

Sabon akwatin wuta ne a kwalin. Ba a ko yanke salatif ɗin ba.

Jami'in ya yi tambayoyin da aka riga aka yi mana. Yana da abokin faɗa? Ya taɓa tafiya bai faɗa ba? Kawu ya amsa. Ni kallon igiyar nake.

Na tura babur ɗin har gida. Ban iya hawa ba.

Litinin, da yamma

Anti ta shafa kwalin da tafin hannu.

"To ai ga shi ya aiko maka. Sai ka saka masa sabon, ka huta da zullumi."

Na ce sai an kashe.

"Ko na minti ɗaya?"

"Ko na ƙiftawar ido, Anti."

Ta janye hannunta kamar kwalin da zafi. Na ɗora shi a saman kantar shago, na juya hoton da ke jiki ya kalli bango.

Talata, da safe

Kullum da safe wani saƙo yana fitowa a ƙasan allo, wai kwamfutar tana son ta sake tashi don ta sabunta kanta. Kullum ina danna "sai anjima". Shi ne kaɗai abin da nake taɓawa.

Laraba, da rana tsaka

An ɗauke wuta tun jiya, batir ya yi ƙasa, inbata ta fara ƙararta ta gargaɗi. Janareta ya ƙi tashi. Na ja igiya har fatar yatsana ta saluɓe. Anti ta fito tsakar gida da ludayi a hannu tana kallona.

Mai Batir ya jefo doguwar waya ta saman katanga.

"Kama, Injiniya. Na cire firjin uwargida. In ta tambaya ka ce ɓera ne."

Da wuta ta shiga na leƙa allon. Mutumin yana nan da fitilarsa.

Alhamis, da hantsi

Akwai wani abokin wasan Yaya da suke kira Dogo. Ban san garinsu ba, ina jin Yaya ma bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Saƙonninsa suna fitowa a gefen allo.

Da farko: "Kai mutumin nan ba ka barci ne?"

Daga baya: "An ɗaure ka a kujerar ne? Madam ta yi yaji ko?"

Yau: "Lafiya dai ko, ɗan'uwa?"

Na ɗora yatsuna a saman kibod na ɗauke. Duk abin da na rubuta, da sunan Yaya zai je.

Juma'a, bayan la'asar

Na yi dabara. Idan aka dakatar da wasan, katin hoto yana hutawa, akwatin ma ya huta. Na dakatar. Allon ya yi duhu, rubutu ya rufe mutumin.

Inna ta shigo da kujerarta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina ya tafi?"

"Yana nan, Inna. Hutar da injin nake yi."

"Mayar da shi."

"Inna, abin ne yake..."

"Inda ya bar shi za ka bar shi. Kai ya bar wa amana ko injin?"

Na mayar. Yanzu sai ta shiga ɗakinta nake dakatarwa, in na ji jan takalminta in saki. Kamar ɓarawo a gidanmu.

Asabar

Mutumin da ke allon ya waiwayo ina share teburi. Na san haka aka tsara shi. Na sani.

Litinin, da sassafe

Kawu ya zo tun kafin a buɗe shaguna. An bugo masa daga wani asibiti a garin da ke gaba da gadar, wai a zo a duba wani da aka kawo. Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce wa Inna takardu za mu je cikewa.

Na duba batir, na duba wayoyi, na nuna wa Anti inda za ta danna "sai anjima". Na ce kada kowa ya taɓa komai.

"To, maigida ƙarami," in ji ta. Idonta na kan takalmin Kawu, ya sako na fita unguwa.

Talata, da hantsi, a mota

Ba shi ba ne.

Wani ne mai tabo a haɓa. Shi ma ɗan wata ne.

Talata, bayan la'asar

Tun daga ƙofar shago na ji warin. Kamar an bar roba kusa da murhu.

Ɗakin baya ya yi zafi, fankokin ciki suna ihu duk da ba a ruwa a wasan. Na durƙusa. Bargon Yaya ne, mai kaurin nan ruwan ƙasa, an ninka shi huɗu an shimfiɗa a ƙarƙashin kwamfutar.

Akwatin wuta ta ƙasa yake shan iska. Fankarsa ƙasa take kallo, shi ya sa ake yi wa kwamfuta ƙafafu. Bargon ya shige tsakanin ƙafafun ya toshe masa hanci. Tun jiya da safe.

Na ɗaga ta a hankali da gwiwa da hannu ɗaya, na zare bargon da ɗayan, ina addu'a kada wata waya ta motsa. Ƙarfen ƙasan ya ƙona min yatsu.

Inna ta shigo da fara'arta, rabon da in ga haƙoranta tun kafin abin nan.

"Ka ga aikinmu? Yarinyar nan ta wanke ɗaki, na ga abin a kan siminti, ga sanyi ga danshi. Na ce a'a, wannan ba daidai ba ne. Mu biyu muka ɗaga shi, ko girgiza bai yi ba."

Na ce, "Sannunku da aiki, Inna. Sai dai bargon zai yi datti. Bari in sa masa katako."

"Kai dai ba ka son a taɓa muku kaya. Halinku ɗaya."

Sai a lokacin ta tambayi takardun. Na ce an cike.

Laraba, da safe

Ƙas-ƙas ɗin ya tafi. Yanzu gurnani ne, kamar ana jan kujera a ɗaki na nesa.

Na haska tocila ta ramukan baya. A ciki akwai wasu ƙananan gwangwanaye da ke riƙe wuta, kafasito muke ce musu. Kansu a shafe yake zama. Biyu sun kumbura, ɗaya ya fara tsatso wani abu ruwan ƙasa.

Ko na dakatar da wasan warin ba ya tafiya. Abin da ya lalace ya lalace.

Alhamis

Na ɗaura wa wani katin hoto a juye. Shekara nawa ina wannan aikin. Allah ya sa na gani kafin ya gani.

Juma'a, da azahar

Fankar akwatin ta tsaya. Ta yi gurnaninta ta yi, sai ta yi shiru, shirun ya fi gurnanin muni.

Na ɗora kwamfutar a kan bulo biyu, na kwantar da fankar teburi a ƙasa tana hura mata sama. Na kawo bokitin yashi na ajiye bayan ƙofa. Inna ta tambayi na mene ne, na ce na gyaran siminti ne.

Na dawo da tabarmata ɗakin. Bangon da kwamfutar ke jingine da shi, bayansa gadon Inna ne.

Asabar, bayan la'asar

Na yi tunani na yi tunani. Sukuru huɗu ne ke riƙe da murfin akwatin. Idan na zaro shi kaɗan ba tare da na cire wayoyi ba, na buɗe, zan iya sauya fankar yana aiki. Ina da fanka daidai girmanta.

Abu na farko da Yaya ya koya min shi ne ba a buɗe akwatin wuta. Ko an zare shi daga bango gwangwanayen nan suna riƙe da abin da zai jefar da ƙato. Balle yana kunne.

Na kwance sukuru ɗaya, ina kan na biyu, Mai Batir ya shigo neman abin gwajin wuta. Ya dube ni, ya dubi hannuna. Ya sunkuya ya zare sukundireban daga yatsuna kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro, ya sa a aljihu.

"Kullum wasa nake da kai, Injiniya. Yau ba wasa. So kake tsohuwar nan ta zauna jiran mutum biyu?"

Na ce na iya.

"Na san ka iya. Shi ya sa na karɓe."

Ya shaƙi iskar ɗakin ya ce wannan warin ya san shi, daga shi sai hayaƙi. Ya ce batir ɗinsa ba ya nema, in riƙe har shekara, amma ba zai kwana da sanin cewa da hannunsa ya ciyar da wutar da ta ci gidan maƙwabci ba.

Lahadi, da safe

Dogo ya daina rubutu.

Lahadi, da yamma

Anti ta kawo min shayi ɗakin baya ta ƙi fita. Ta jingina da ƙofa.

"Bargon ne ko?"

"Da ma ya fara ƙas-ƙas tun Yaya na nan. Shi ya sa ya fita."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na kalli kofin.

"Ni na kama mata gefe ɗaya," in ji ta.

"Kar ki gaya wa Inna."

"Wa ka ɗauke ni?"

Sai na gaya mata sauran. Na ce ba zai kai mu ko'ina ba. Ko mu kashe da hannunmu, ko ya kashe kansa, kuma idan irin wannan babban ya tafi da kansa ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan ja katin, ya ja faifan da komai na Yaya ke ciki. Yakan ja labule. Na nuna mata bakin babbar wayar inda farin robar ya fara zama ruwan shayi. Na nuna mata yashin.

Ta fito da wayarta ta duba, ta mayar.

"In aka kashe da kyau, kayansa suna nan?"

"Suna nan. Sai dai a kulle. In ya dawo ya buɗe abinsa."

"Inda ya kai a wasan fa?"

"Wannan ya tafi."

"Zai yi masifa."

"Zai yi."

"To ya zo ya yi," in ji ta, ta ɗauki kofin da ban sha ba ta fita.

Litinin, da hantsi

Anti ce ta yi wa Inna magana, ba ni ba. Sun daɗe a ɗaki. Ina shago ina jin muryar Anti kaɗai, ta Inna ba ta fito ba. Da Anti ta fito ta ce min, "Gobe. Da rana, ta ce, ba ta son a yi cikin duhu."

Na sauko da kwalin daga saman kantar na yanke salatif. Sabon yana cikin jakarsa ta yadi, wayoyinsa a naɗe a tasu jakar. Idan an kashe, dole sai na kwance duk tsofaffin wayoyin na sa nasa, don ba a haɗa wayar wani akwati da wani ko da bakinsu ya shiga. Aikin yini guda ne. Na jera komai a teburin shago na rufe da tsumma.

An yi ruwa sau uku a wasan yau. Duk sau ukun ina tsaye da hannuna kusa da soket.

Talata, bayan azahar

Na rufe shago. Mai Batir ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin bai shigo ba, ya cire hularsa ta aiki yana juya ta. Inna a kujerar roba. Anti a tsaye da waya a hannu.

A wasan hantsi ne, tafkin ya kwanta.

Na miƙa hannu zan rufe wasan, Inna ta ce, "Tsaya. Zaunar da shi tukuna. Ya daɗe a tsaye."

Ban san maɓallin zama ba. Ni haɗawa na iya, ban iya wasa ba. Na zauna a kujerar Yaya, ta lotsa daidai jikinsa, ni na yi mata kaɗan. Haruffan da yake yawan dannawa sun goge, sun yi sheƙi. Na danna ɗaya, mutumin ya yi tsalle.

"Kai, za ka jefa min shi a ruwa," in ji Inna.

Na danna wani, ya ɗaga fitila sama yana kaɗawa. Mai Batir ya ce daga ƙofa, "Injiniya, zama aka ce, ba rawa ba." Inna ta yi dariya har ta goge ido da bakin mayafi, ta ci gaba da gogewa bayan dariyar ta ƙare.

A na huɗu ko na biyar ya durƙusa, ya ajiye fitilar, ya zauna a bakin katakon ya sako ƙafafunsa saman ruwa.

"Yauwa," in ji Inna. "Haka."

Muka bar shi ya ɗan zauna.

Na rufe wasan. Na kai 'yar kibiyar allo inda ake kashewa na tashi daga kujerar. Anti ta ce ita za ta danna. Ta danna da ɗan yatsa ɗaya, ba ta kalli allon ba, wayarta take kallo.

Fitilun ciki suka mutu. Fankoki suka rage gudu suka tsaya. Na kashe ta teburin ma. Sai ga ƙarar famfon tsakar gida yana ɗiga, ashe duk kwanakin nan yana ɗiga ba mu ji ba.

Inna ta ce, "Ya ɗauke?"

"Bai ɗauke ba tukuna," in ji Anti.

Na san dalili. Manhajar takan ɗan jima kafin ta gane. Ban faɗa ba. Muka taru a kan wayar, har Mai Batir ya shigo. Ɗigon yana nan kore, ɗaki shiru, ba abin da ke aiki. Inna ta kama hannun Anti.

Sai ya koma toka.

Anti ta kife wayar a ƙirjinta ta fita tsakar gida. Inna ta tashi da ƙyar, ta ɗauki kujerarta da kanta, ta hana Mai Batir ya karɓa mata.

Ni ya kamata in zare soket in fara kwance sukuru. Na durƙusa na ɗora tafin hannuna a kan akwatin. Da zafinsa. Ban ɗauke ba sai da ya huce.